Busa Ɗaya da Busa Biyu a Tudun Barmo

A zamanin da can ƙuryar arewa babu komai sai ƙaya da namun dawa, wani maharbi mai suna Barmo ya bi sawun gwanki kwana uku, har gindin wani dutse da ruwa ke tsattsafowa a ƙarƙashinsa. Ya harbe gwankin, ya sha ruwan, ya ga ba shi da dalilin komawa. Ya je ya ɗauko matarsa Tasalla da ƙaninsa Nomau. Makiyaya suka biyo ruwa, fatake suka biyo makiyaya, Tudun Barmo ya zama gari.

Ana cewa muryarsa tana kai tafiyar yini guda, kuma zaki kan kauce masa a hanya. Babu zakin da ya zo ya ba da shaida. Abin da ba a gardama a kansa shi ne ƙahon gwankin nan. Kullum da hantsi Barmo kan hau dutsen ya faɗa wa gari labarin daji: inda ciyawa ta tsiro, inda kura ta yi ɓarna, hanyar da ba ta biyuwa. In abin da ya gani da idonsa ne, sai ya busa ƙahon sau ɗaya kafin ya yi magana. In gaya masa aka yi, ko da liman ne ya faɗa, sau biyu. Maroƙa na yi masa kirari: Barmo na Tasalla, ido kafin baki, dogo mai ajiye jita-jita a gindin dutse.

Wata shekara damina ta yi gardama. Ruwan dutsen ya koma sai a kwasa da ludayi, shanu suka fara kwanciya ba sa tashi. Ana cikin haka Nomau ya dawo daga farauta, laka har gwiwa, ya ce Tafkin Gawo, tafiyar kwana biyu gabas, cike yake. Makiyaya suka taru a gindin dutse. Shanun ba su da ƙarfin zuwa su tarar da fako su dawo, saboda haka Arɗo Buba, shugabansu, ya ce ba wanda zai kora ko maraƙi sai ya ji busa ɗaya.

Nomau ya bi yayansa har rabin dutsen. Ya ce, "Yaya, nono ɗaya muka sha. Ga laka a ƙafata. Idona ba idonka ba ne?"

Barmo ya dubi lakar. Ya san ƙanin nan nasa bai taɓa yi masa ƙarya ba, ya kuma san yawan shanun da kowane yini zai ci. Amma ya san in yau ya ara wa ƙahon idon Nomau, gobe mai gari zai kawo nasa idon, jibi surukin mai gari. Ya ce, "Idonka naka ne, Nomau. Na yarda da kai. Amma ban gani ba."

Ya hau, ya busa sau biyu.

Nomau ya sauko ya ratsa taron kansa a ƙasa, wani ya tambaye shi a wace rijiya ya samo lakar. Barmo kuwa, da yake a lokacin ya haura sittin kuma gwiwa ɗaya ta daina yi masa biyayya, ya saɓi gorarsa ya nufi gabas. Masu labari sun ce ya je ya dawo kafin la'asar. Shanun da suka mutu a tsakani sun nuna kwana huɗu ya yi. Ya tarar da tafkin cike, daidai yadda Nomau ya ce. Ya dawo ya busa sau ɗaya, ya faɗa a gaban kowa cewa ƙaninsa gaskiya ya faɗa. Aka kora garke, amma shanu arba'in sun riga sun tafi. Arɗo ya ce bai taɓa ganin gaskiya mai cin nama haka ba. Nomau ya yi shekara bakwai ba ya gaida yayansa.

A shekara ta takwas, ran kasuwa, rana tsaka, Barmo yana kan dutsen ya hango mahara tafe daga yamma. Ya busa sau ɗaya, ya ce kowa ya bar abin da yake yi ya hau dutse. Ba wanda ya tsaya tambayar wa ya gaya masa. Mai fura ta bar ƙwaryarta, mahauci ya bar wuƙarsa a jikin nama. Mahara suka iso suka sami gari ba kowa, suka kwashe abin da hannu zai ɗauka, ba su sami mutum ko ɗaya ba. Wanda ya fara isa saman dutsen, 'yarsa a kafaɗa, Nomau ne. Ya durƙusa ya ce, "Barka da rana, Yaya." Ba a ji sun ƙara tayar da maganar ba. Da Barmo zai rasu, sai ya miƙa wa Nomau ƙahon.

Bayan tsawon zamani, da aka tashi kafa wa garin gidan rediyo, injiniyoyi suka auna ko'ina suka zaɓi kan dutsen, suka ce don tsayinsa ne. Tsofaffi suka bar su da bayaninsu. Gidan ya fara da ɗaki guda da janareto mai yawan tari. Ran farko mai karanta labarai ya karanta su tsaf, aka aiko daga kasuwa ana tambaya: gani ya yi ko ji? Tun daga ranar, kafin kowane labari sai an busa ƙaho, ɗaya ko biyu. A lokacin zaɓe akan yi mako ba a ji busa ɗaya ba.

Mai busawa a yau shi ne Baba Mantau, daga zuriyar Nomau. Wata ma'aikaciyar gidan ta taɓa tambayarsa a cikin shiri ko labarin Barmo gaskiya ne. Tsohon ya goge bakin ƙahon da hannun riga, ya matso kusa da makirufo, ya busa sau biyu.