Mai Shirun da Ta Ji Tarin Kaza

Akwai wani mutum wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa ɗakin kaji da tsohuwar uwa. Marigayin mai kunne ne. Yakan tsaya a bakin ƙofa, kaji ɗari uku suna ta hayaniya, ya ce, "Akwai mai tari a kusurwar can." A duba a same ta, a ware ta. Ɗan bai gaji kunnen ba. Daminar farko bayan jana'iza ciwo ya shiga, rabin kajin suka mutu. Da ragowar kajin ne uwar ke cin abinci.

To, mutumin ya ɗan taɓa karatun kwamfuta. Sai ya ƙera ƙananan ƙwaƙwalen na'ura guda ɗari a cikin kwamfutarsa. Irin waɗannan ba kullum suke magana ba. Sauti yakan taru a cikinsu kamar ruwa a tulu, sai ya cika su yi ƙyal sau ɗaya a fuskar kwamfutar, su koma shiru. Ba su zaunuwa a koya musu, don haka ya yi yadda manomi ke yi da iri. Ya kunna musu kukan kajin da ya ɗauka a waya, masu lafiya da masu tari. Ya zaɓi goma ya haɗa su, suka haifi sababbi ɗari, kowace da ɗan bambancinta. Ya sake gwadawa, ya sake zaɓe.

Amma tsoro ne ke yi masa zaɓen. Gudun kada tari ya wuce ba a ji ba, sai ya riƙa ajiye waɗanda suka fi yawan ƙyalli. Zuriya ta arba'in ta fito tana ƙyalli a kan komai, carar zakara, ƙarar ƙofa, har babur ɗin maƙwabci.

Ran nan uwar ta zauna kusa da shi tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Auta, 'ya'yan nan naka sun fi mu 'yan zumuntar matan coci surutu. Waccan ta ƙasa fa, da ba ta motsi?"

"Ita zan goge, Mama. Tun safe sau uku kawai ta yi."

"Ukun a kan me?"

Bai sani ba. Ya koma ya saurari wuraren da ta yi ƙyallin. Duka ukun tari ne.

Uwar ta ci gaba da ɓararta. "Babanka ma yakan wuni bai ce uffan ba."

Mutumin ya fasa goge waccan ta ƙasa. Daga ranar ya canza ma'auni, ya mai da mai shirun nan iri. Bayan sati uku, wata la'asar, jikar mai shirun tana sauraron ɗakin kajin, sai ta yi ƙyal sau ɗaya. Ya shiga ɗakin ya tarar da kaza guda ta takure bayan mazubin ruwa. Ya ware ta. Sauran suka tsira.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, Ubangiji ba ya auna mu da yawan sauti. Mu ne muke zaɓen mai doguwar addu'a, mu manta da wanda ke zaune a bencin baya. Akwai wanda tun da ya binne nasa, waƙa ba ta fita daga bakinsa. Kada ku ce bangaskiyarsa ta mutu. Tulunsa ne ke cika a hankali. Ran da ya iya cewa "Amin" sau ɗaya, Uba yana bakin ƙofa, kuma cikin duk hayaniyarmu zai ji.