Kurege Mai Shirin Gudu da Bashi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na gare ka.

Kurege ne ya zama saurayi, damina ta kawo kai, ba shi da irin shuka. Sai ya je wurin Bushiya mai rumbu ya ce, "Inna, a ba ni bashin buhun gyaɗa."

Ta ce, "Buhu? Ɗan nan, wa ya taɓa ara maka ko allura ka mayar? Ungo mudu ɗaya."

Kurege ya ce a ransa, "Bari in riƙa biya. Ran da ta ba ni buhu, sai dai ta hangi ƙurata."

Ya biya mudu, aka ba shi kwando. Ya biya kwando, aka ɗora masa buhu.

Abokinsa Dila ya ce, "To, arce mana!"

Kurege ya ce, "Kai wawa ne? In na biya wannan, baɗi biyu za ta ba ni. Sannan in gudu."

Baɗi ta yi, ya ce sai huɗu. Haka dai har furfura ta cika masa wutsiya yana ɗage ranar gudu, gari kuwa kowa wurinsa yake kai ajiya.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta ƙare!