Baƙin Sabulun Kufan Gwamma

A zamanin da dajin Kurmin Zaure yake hannun ɓauna da giwa, wani maharbi mai suna Bagudu ya kafa zango a gindin wani dutse, shi da danginsa, gida bakwai. Matarsa Gwamma ta fi kowa iya man kaɗe, kuma 'ya'yansu uku.

Wata rana da rani Gwamma ta tafi kai mai wani ƙauye mai nisan yini guda. Ba ta sami wanda zai yi mata musaya da hatsi ba, ta juyo da tulunta a ka. A bayanta wutar daji ta taso da iska, ta cinye zangon. Mutum goma sha ɗaya suka tsira da ƙuna a kogon dutse. Bagudu da yaran ba sa cikinsu.

Masu ba da tarihi sun ce da ta iso ba ta yi kuka ba. Ta sauke tulun, ta dubi inda ɗakinta yake, ta dubi inda rumbu yake. Da rana ta karkata, lokacin girki, sai hannunta ya kama aikin da ya saba. Ta kwashi tokar rumbun a fasasshiyar tukunya, ta zuba ruwa, ya tsiyaye kamar yadda ake yi wa miya. Babu gari, babu kuka, babu gishiri. Ta juye man kaɗen a kan ruwan tokar, ta hura wuta, ta shiga juyawa da muciya.

Nomau, wan mijinta, ya jawo ƙonanniyar ƙafarsa ya zo.

"Gwamma, me kike dafawa?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Taso mu bar wurin nan. Ƙuda zai ƙarasa mu."

Ba ta ɗago ba. An ce yini uku tana juyawa, wutar ba ta nemi ƙarin itace ba. Abin ya tafasa, ya yi kauri, ya yi baƙi, ya daskare. Ba mai ba ne kuma, ba toka ba ce. Karen Bagudu ya sansana, ya kau da kai.

Da ta je rafi wanke muciyar sai kumfa ta taso fari fat, baƙin da ya kama hannunta ya bi ruwa. Ta daɗe tana kallon tafinta. Sannan ta gutsuro dunƙule guda, ta tafi kogo, ta wanke tsummokaran da ake ɗaure gyambo da su, ta wanke majinyatan ɗaya bayan ɗaya. Ruɓar ta tsaya. Biyu suka mutu, tara suka tashi, kuma babu wanda ya sake maganar ƙaura.

Fatake suka ji labari, suka riƙa zuwa da hatsi suna karɓar sabulu, zango ya zama gari. Maroƙa na ce mata: "Gwamma uwar kumfa, mai wanke baƙi da baƙi!" In ta ji, sai ta ci gaba da juya tukunyarta. Ta yi shekara arba'in a haka, ba ta sake aure ba.

Garin shi ne Kufan Gwamma. Har yau matansa ba sa magana a bakin tukunyar sabulu sai ya daskare, kuma dunƙulen farko ba a kai shi kasuwa. Gidan da aka yi rasuwa ake aika wa.