Dutsen Taimamar Malam Idi

Akwai wani mutum a Dakata da ake kira Labaran Mai Sheƙi. A farkon shekarun 1980 yana aiki a wani kamfanin tarazo, wato daɓen niƙaƙƙen dutse, da ke Bompai, shi ne a kan injin gogewa. Maganar gaskiya ya iya aikinsa. Daɓen da Labaran ya goge, sai ka tsaya ka gyara zaman hularka a ciki. Aibinsa ɗaya ne: idonsa ba ya jure ganin abu mai kaushi. Ko tasar matarsa Hansatu ya ga ta dushe, sai ya tanka.

Duwatsun da kamfanin ke niƙawa, daga wajen Sakkwato manyan motoci ke kawo su. Wata rana a cikin tulin ya tsinci wani falalen dutse mai faɗin tafin hannu biyu, a jikinsa da zanen wani abu a nannaɗe kamar dodon koɗi. A lokacin mahaifinsa Malam Idi yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, alwala ta gagare shi. Sai Labaran ya kai masa dutsen don ya riƙa taimama.

Tsoho ya shaƙu da dutsen nan ba kaɗan ba. In lokacin salla ya yi, matarsa Hajjo, mahaifiyar Labaran, ta miƙo masa, ya ɗora tafi ya shafi fuska. In ya idar, sai ya yi ta bin zanen da ɗan yatsa yana tasbihi. Shekaru suka ja, dutsen ya yi duhu da maiƙon hannunsa.

Da Allah ya karɓi abinsa, Hajjo ta naɗe dutsen a ƙyalle. Idonta ya riga ya yi rauni. In kewa ta taso mata, sai ta kwance ƙyallen, ta bi zanen da yatsa yadda mijinta ke yi.

Ana nan sai wani Malam Ashafa, ma'aikacin gidan tarihi, ya fara zuwa kamfanin yana tona tulin duwatsu kafin a niƙa. Ma'aikata suna tsokanarsa wai zinariya yake nema. Labaran ya ba shi labarin dutsen gidansu, shi kuwa ya roƙa a kai shi ya gani.

Ya durƙusa ya gaida Hajjo, ya karɓi dutsen da hannu biyu. Ya daɗe yana dubawa kafin ya yi magana.

"Iya, wannan hoton wata halittar ruwa ce. Inda aka haƙo shi, a can da teku ne. Halittar ta mutu, laka ta rufe ta, lakar ta zama dutse ta riƙe siffarta. Ban taɓa samun wanda ya fito ɓaro-ɓaro haka ba."

"Teku a Sakkwato?" in ji Hajjo. "Allah mai iko."

Ya nemi ta ba su su ajiye a gilashi. Ta dafe ƙyallen da hannu. Sai ya ce za a rubuta sunan Malam Idi a ƙasa, duk wanda ya zo kallo ya karanta, wani ma ya yi masa addu'a. Addu'ar nan ita ta ja hankalinta.

"To ku bar min shi zuwa Juma'a."

Da zai tafi ya juyo wajen Labaran. "Yadda yake ɗin nan muke so. Kada a taɓa masa komai."

Amma fa zancen bai shiga kunnen Labaran ba. Kunya ce ta kama shi. Sunan mahaifinsa a ƙarƙashin dutse mai dauɗa, alhali duk Bompai an san aikin ɗansa? Ranar Alhamis da safe, Hajjo na banɗaki, ya zare dutsen ya sa a aljihu.

Hansatu ta gani. "Malamin nan fa cewa ya yi yadda yake."

"Shi tono ya iya. Gyara kuma aikina ne."

A kamfani, da aka tashi cin abinci, ya kunna inji. Ruwa na zuba, farin gari na kwarara. Ya tsayar ya duba, ya ga sauran kaushi a gefe, ya ƙara masa hannu. Ya sake ƙarawa. Da ya ɗauraye, dutse ya fito fari tas yana ɗaukar ido, sumul ko'ina. Ashe zanen a fatar dutsen kawai yake.

Ya shanya shi a rana wai ko in ya bushe zanen zai dawo. Ina.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a Malam Ashafa ya iso. Labaran ya miƙa masa ba tare da ya ɗaga kai ba. Mutumin ya juya dutsen gaba da baya. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi wa Labaran sauƙi.

"Ya yi kyau," ya ce a hankali. "Sai dai halittar ta tafi. Ba abin da ya rage da za mu nuna."

Hajjo na zaune a tabarma, ba ta ji abin da suke cewa ba. Ta miƙo hannu.

"Ku ba ni in yi sallama da shi."

Ba wanda ya iya hana ta. Ta ɗora shi a cinya, yatsanta ya tafi inda ya saba farawa. Ya zame. Ta juya ɗaya gefen, ta lalubi ko'ina. Sai ta ɗan yi murmushi ta miƙa wa ɗanta.

"Labaran, ka ɗauko wani. Je ka kawo min na babanka."

Labaran ya durƙushe a gabanta yana kuka.

Darasi: Ba duk abin da ya dushe ne ke neman gyara ba. Wani duhun sawun hannun iyayenka ne, in ka goge shi don kunyar idon mutane ba ya dawowa. Komai ƙwarewarka, in an ce ka bar abu yadda yake, tsaya ka tambayi dalili kafin ka sa hannu. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda ya kusa kunna nasa injin.