Inda Mijina Yake Kallo

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne na ilimi, ma'abocin zuhudu da tsantseni, wanda ya shafe shekara arba'in yana karantarwa a ɗaki ɗaya, a kan buzu ɗaya, ba a taɓa jin muryarsa ta wuce bakin ƙofa ba. Manyan ɗalibansa sun rubuta karamominsa masu yawa. Ni ba ni da ko ɗaya sai wadda ta faru a kaina.

Mijina mai gyaran lantarki ne. Wata Talata ya hau tsani zai haɗa waya, wuta ta ja shi, aka kawo mini shi a lulluɓe. Ya bar ni da 'yarmu mai shekara biyar, wadda yake kira 'Yar Baba. Da na fita takaba na koma shagon ɗinkin yayata, a can ne ya fara zuwar mini a mafarki. Duk ranar da na kishingiɗa bayan azahar a kan tarin ƙyallaye, sai in gan shi zaune a bencin shagon, sanye da rigar aikinsa mai aljihun da na yi wa faci, ba ya cewa komai. Na sayi littafin fassarar mafarki, na bi shi a hankali da ɗan karatun da na koya wa kaina, na ga an ce ganin mamaci cikin natsuwa alheri ne, sai na riƙe wannan layin na bar sauran.

Barci ya zama sana'ata. "Ƙanwata, otal muka buɗe ko shago?" in ji Yaya. "Kekenki ya kusa yin tsatsa, yarinyar nan kuma kullum tana yawo ba takalmi." Ban ji ta ba.

Da mafarkin ya fara gajarcewa, tsoro ya kama ni. Na je ranar karatun mata, na jira aka watse, na durƙusa a bayan labule, matar Shehu tana gefena. Na ce, "Allah gafarta Malam, addu'a nake roƙo. Mijina yana zuwar mini a mafarki, ina so ya riƙa daɗewa."

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "'Yata, wata bakwai kina kallonsa a kan bencin nan. Shi fa, ke yake kallo?"

Ni dai ban ambaci benci ba, ban ƙirga masa watanni ba, kuma gaskiya ne, idon mijina kullum yana wuce kafaɗata ta hagu.

"In ya zo, ki waiwaya," in ji Shehu, Allah Ya jiƙan mahaifansa. "Kada ki jinkirta. Amma ki sani, in kin waiwaya ba zai sake zuwa ba."

Ina rubuta wannan cikin kunya: kwana uku na ƙi. Yana zuwa, ina ƙare wa fuskarsa kallo, ina cewa gobe. A rana ta huɗu na ga hawaye a gemunsa, na kasa jurewa, na waiwaya. 'Yar Baba na gani jingine da bango, tsaye a kan ƙafa ɗaya.

Na farka na same ta a ƙarƙashin teburin yanka, ta naɗe ƙafarta da ƙyalle. Da na warware, tafin ya kumbura, yatsu biyu sun yi baƙi, jikinta kamar garwashi. Karyayyar allurar keke ce ta shige ta.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Umma, ke kika ce kada in tashe ki in kina wurin Baba."

A asibiti aka ciro allurar, aka yanke yatsun biyu. Likitar ta ce da mun kai gobe, da ƙafar ce gaba ɗaya za ta tafi, ko ma ranta. Ta kuma ce, ba tare da ta kalle ni ba, da na kawo ta kwana uku baya da ba a yanke komai ba.

Tun ranar ban sake ganinsa ba. Na koma wurin Shehu ina kuka, ina jiran faɗa, bai yi mini ba. Cewa kawai ya yi, "Ki yi masa sadaka, ki bar shi ya huta. Allah Ya ba ki aron ganinsa ne saboda mai rai." Ya sa aka ɗora masa yarinyar a cinya, ya tofa mata addu'a, ta yi masa dariya, dariyar da na manta tana da ita.

Yanzu tana ɗingishi kaɗan, ni nake raka ta makaranta kullum. Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake sanar da bayinSa na gari abin da ya ɓuya ga masu ido. Allah Ya ƙara wa Shehinmu kusanci da ɗaukaka, Ya haskaka kabarin mijina, Ya yafe mini jinkirina, Ya sa albarkar wannan bawa naSa ta lulluɓe 'yata da duk wanda ya karanta. Amin.