Akwatin Sifanar Malam Sallau

Ku matso, ku da ba ku rasa bakin gardama. Yau ga wadda za ta ishe ku.

A wani gari na bakin gulbi an yi wani bakanike, Malam Sallau, da matarsa Tabawa. Shekara talatin da aurensu, ba ta taɓa jin an dawo masa da aiki ba. Wata damina ya gyara injin motar da ke kai marasa lafiyan garin asibiti. Kwana biyu da gyaran, motar ta mutu a hanya da mai naƙuda a ciki, matar ta rasu har da abin da ke cikinta. Direban ya rantse ta kan gada ya bi, inji ne kawai ya ƙi. Shi ke nan, gari ya ɗauka: hannun Sallau ne ya kashe ta.

Baƙin ciki ya kwantar da tsoho. Tabawa ta dama kunu, ya kau da kai. Abin da ya fi ci mata rai, makanikan garin suna da al'ada: ba a kwance injin da wani ya ɗaure sai yana tsaye a kai. To, mutumin da ko zama ba ya iyawa, ina shi ina tsayuwa? Gaskiya tana cikin ƙarfe, ba mai ikon buɗewa.

'Ya'yansu uku ne. Barau, babban, manomi ne, bai san fulogi da fistin ba. Amma da ya ji direba yana neman kai motar wa 'yan gwangwan su farfasa, sai ya tare a gindinta. Ya sha zagi, ya sha jifa, ciyawa ta cinye gonarsa, bai gusa ba har kwana arba'in.

Ladidi, mai bi masa, shara take yi a wani asibitin birni. A can ta ga likitoci suna zura wa mutum siririyar kyamara mai fitila a baki, su ga cikinsa ba tare da an yanka ba. Ta yi ta cigiya har ta gano wani bakanike mai irinta ta mota. Ya ce ba ya ba da aro. Kwana uku tana zaune a ƙofar garejinsa, har kunya ta kama shi ya ba ta. Kafin nan an sallame ta daga aiki.

Autan, Ilu, shi ya gaji sana'ar, amma shekara bakwai ba ya ga maciji da uban, kuma direban nan yayan matar Ilun ne. Tabawa ta aika masa, ba ta sa rai ba. Sai ga shi. Gaban mai unguwa da makanikai ya cire fulogi, ya zura kyamarar ta ramin zuwa cikin injin, ba sai an kwance shi ba. Kowa ya leƙa ya ga duhu-duhu kawai. Ilu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan laka ce da tsatsa a kan fistin. Injin ruwa ya sha. Ta cikin gulbi aka ratsa da ita, ba ta gada ba." Direba ya sunkuyar da kai. Ran nan matar Ilu ta kwashe kayanta.

'Ya'yan suka rugo gida da albishir, suka tarar Tabawa tana rufa wa tsoho zane. Wayyo, rai bai jira ba. Ta ce abin da ya faɗa na ƙarshe shi ne, "Aikina ba shi da aibu. Wanda ya wanke ni, ki ba shi akwatin sifanata."

An yi sadakar bakwai, an watse. Tabawa ta jawo akwatin, ta dubi 'ya'yanta, kowa da asarar da ya yi.

To, ku da kuke da bakin magana, wa za ta miƙa wa a cikinsu?