Gwani a Cikin Randa

Tanimu, Lantana, 'ya'yana, ku zauna ku ji. Tunda kun ƙi daina musu kan yadda za a koya wa jikata Barmani magana, ga labari na rubuta. Ku karanta wa yara, ku ma ya shiga kunnenku.

An yi wata Aku da wata Zabuwa da ke zaune a tsamiya ɗaya, bayan gidan wani manomi. Aku akwai baki, akwai ji da kai. Zabuwa kuwa ba ta gaggawa. Damina ɗaya suka yi ƙyanƙyasa. Aku ta sa wa ɗanta suna Gwani, Zabuwa ta kira nata Ɗigo.

Tun Gwani bai yi fiffike ba uwarsa ke tusa masa doguwar gaisuwa, safe da yamma: "Barkanku da hantsi, manyan gari, Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya da wadata." Ya haddace tsaf. Duk baƙon da ya zo sai an sa shi ya rera.

Ɗigo kuwa kalma ɗaya-ɗaya yake fitarwa. In ya ce "Gero," sai Zabuwa ta duƙa daidai tsayinsa ta ce, "Ƙara gero?" Sannan ta yi shiru tana jira. In suna kiwo ya ce "Fara," ta ce, "Fara ta tashi." Abu kaɗan take ɗorawa a kan nasa, ba ta wuce haka.

"Maƙwabciya, wai har yau ɗan nan naki gero-gero yake?" in ji Aku daga kan reshe. "Kawo shi in gyara miki bakinsa."

"Tambayi naki ko yana jin yunwa, mu ji amsa."

"Ni nake sanin yunwarsa. Ba sai ya faɗa ba."

Maganar ta yi wa Zabuwa ciwo, har ta fara tunanin ko ɗanta ba zai iya magana kamar 'ya'yan kowa ba. Amma ba ta sauya hanya ba. Ranar da Ɗigo ya miƙo baki ya ce, "Inna, ƙara gero," sai da ta zagaya tsamiyar sau uku don murna.

Wata rana da hantsi Gwani yana tsalle a bakin randar da matar manomi ta ajiye a inuwa, ya zame ya faɗa ciki. Ruwa ya kai masa wuya. Ya buɗe baki zai nemi taimako, ba abin da ya zo masa sai abin da ya sani.

"Barkanku da hantsi, manyan gari!"

Aku tana sama tana hira da baƙuwarta Hasbiya. Ta gyara zama ta ce, "Kin ji shi ko? Ko ba a sa shi ba yana yi. Ji yadda muryar ke amo yau."

Ɗigo ne kaɗai ya gani. Ya ruga ya ja gashin uwarsa.

"Inna, zo."

"In zo ina?"

"Gwani faɗa."

Zabuwa ta danne bakinta ta jira, kamar yadda ta saba.

"Cikin randa."

Zabuwa ta kwasa da gudu ta kira Tunkiya da ke ɗaure kusa. Tunkiya ta ja da baya ta tunkuyi randar, ta kife. Gwani ya gangaro tare da ruwan, jiƙe sharkaf, yana karkarwa. Ya dubi jama'a ya ce, "Allah ya ƙara muku lafiya da wadata."

Hasbiya ta yi dariya har ta kusa faɗowa daga reshe.

Ɗigo ya matsa kusa da Gwani ya ce, "Gwani sanyi."

"Ee, Gwani yana jin sanyi," in ji Zabuwa.

Gwani ya ce a hankali, "Sanyi."

Aku ta sauko ta rufe shi da fiffike. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Maƙwabciya, yaya kike yi?"

"Ki sauko daga reshe. Ki ji abin da ya ce, ki ƙara masa ɗaya, sannan ki rufe bakinki ki jira."

Tunkiya ta ce, "Na ƙarshen nan ne zai ba ta wahala."

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, yaro da kalma biyu tasa ta kansa ya fi wanda aka ɗura wa ashirin don a burge baƙi. Jiya Barmani ta kama zanina ta ce, "Kaka, ruwa," sannan ta rera mini gaisuwar da ubanta Tanimu ya koya mata kuma ba ta san me take nufi ba. Tanimu, kai ka san wace ce Aku a gidan nan. Ku zauna da 'yar'uwarka ku yanke hanya ɗaya, ku zo ku gaya mini kafin Juma'a.